Ƙyallen da Ya Daina Rinewa

Yayata Kannammal tana da irin kurkum da babu kamarsa a ƙauyenmu, kuma ba ta taɓa ba wa kowa ko ɗan yatsan saiwa ɗaya ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce na rufa wa jinina asiri. Irin na uwar mijinta ne, ita ma daga tata surukar ta karɓa. Gajere ne mai kauri, in ka karya shi cikinsa ja-ja ne kamar gwaiduwar ƙwan kazar gida, ƙanshinsa kuma yakan wuni a hannu ko an wanke da sabulu. Duk shekara in ta haƙa, takan ware iyayen saiwar ta jibge su a gindin darbejiya, ta rufe da ganye, ta yaɓe da laka da kashin shanu, sai lokacin shuka ta buɗe. Mata sun roƙe ta, dillalan birnin Erode sun roƙe ta. Amsarta ɗaya ce: irin gidan nan ba ya fita yawo.

Mijinta ya mutu, 'ya'yanta mata sun yi aure nesa. Gonar da irin nan su ne suka rage mata.

Gonar ita ce ta farko a ƙasan ƙofar ruwan ƙauye, inda ƙaramin kanal ɗinmu na ban-ruwa ya rabu da babba. Sama da ƙofar akwai marinar Duraisami, ɗan ƙanen mijinta. Yadin auduga yake rina wa masu ɗinkin singileti da rigunan yara da ake fitarwa Turai. Duk mako motar gishiri takan ratsa tsakiyar ƙauye ta nufi wajensa, domin launi ba ya kama auduga sai an zuba gishiri buhu-buhu. In an gama rini, ruwan da ya rage sai a sake shi ta bututu zuwa babban kanal. Ba a ɓoye yake yi ba. Ubansa ma haka ya yi.

Mu kuwa mun samo wa kanmu dabara, har muna taƙama da ita. Mai rabon ruwanmu Sengodan, wani tsoho siriri da bakinsa ke ja kullum saboda taunar ganye da taba, yakan yagi ƙyalle daga tsohon farin veshtinsa, zanen da maza ke ɗaurawa a ƙugu, ya ɗaure a bakin gora, ya kafa gorar a gaban ƙofa yadda ƙyallen zai riƙa wasa a cikin ruwa. In ƙyalle ya fara rinewa sai ya sauke ƙofa, ruwan marina ya wuce ta babban kanal ya je ya sami mutanen da ke ƙasa da mu, waɗanda ba mu taɓa tambayar lafiyarsu ba. In ya ɗaura sabon ƙyalle ya zauna fari, sai ya ɗaga ƙofa. Ido kaɗai ba ya isa, don ruwan kanal da ma ba garau yake ba, wasu launukan sukan ɓuya a ciki. A ƙyalle ba sa ɓuya. Kakanninmu da harshe suke gwada ruwa kafin su sake shi gona. Mu tun muna yara aka daddake mu a kan kai ruwan kanal baki, har muka manta ana yin haka.

Illar dabarar ita ce, wanda layin ban-ruwansa ya faɗo ranar launi ya yi asara, sai layi ya sake zagayowa.

Ni gyaran keke da abin feshi nake yi a bakin titi. Wata safiya na kai wa Akka, yadda nake kiran yayata ke nan, abin feshinta, na same ta tsaye a kan kunya ta riƙe ƙugu, ƙofa kuma a rufe.

"Sengodan, yau kuma wanne ne?"

Ya ɗaga gorar. Ƙyallen ya koma ruwan hoda.

"Yau 'yan matan Turai za su sha kwalliya, Gaundacci. Jiya shuɗi ne, na mazansu." Gaundacci laƙabin girmamawa ne da ake kiran mace mai gona da shi a wajenmu.

"Kurkum ɗina kuma ya sha me? Kwalliyar?"

"Sai ki tambayi ɗanki. Ni ƙofa aka ba ni, ba a ba ni marina ba."

"Ɗan wa? Da ni na haife shi da ya san kunya. Ɗaga mini ko rabi ne, ganye ya fara lanƙwashewa."

"In ɗaga ki noma kurkum mai ruwan hoda? Wa zai ci? Ki bari dai, gobe da safe in sun yi hutu sai in sato miki daga layin Tambinki, ƙanen nan naki, tunda shi ba shi da gona sai baki."

"Baki ma gona ne in an iya noma shi," na ce masa. "Naka taba ta cinye."

Akka ba ta yi dariya ba. Tana kallon shingen ƙaya inda Sengodan ke jefar da tsofaffin ƙyallaye, ja da kore da shuɗi da baƙi, sun rataye kamar ranar biki. Daga ranar ta fara tattara su.

Da suka yi yawa ta ƙulla su ɗaya bayan ɗaya suka zama igiya mai tsawon gaske. Ta bi gida-gida ta tara mata, suka ɗauki igiyar a kafaɗa, suka shiga bas, suka kai ta ofishin hukuma a birni. Aka ɗauke su hoto, ya fito a jarida, Akka a gaba tana ɗaure da fuska. Ba a jima ba wani jami'i ya zo marina ya ce wa Duraisami ko ya gyara ruwansa ko a yanke masa wuta. Na yaba mata a lokacin, kuma har yau ban janye ba. Abin da ta yi daidai ne. Matsalar ita ce duk ƙauyen, har da ita, abu ɗaya muka iya ƙi, wato abin da ido ke gani.

Duraisami ya gina babban tankin siminti a bayan marina. Ranar buɗewa ya gayyaci kowa. An kafa itacen ayaba a ƙofa, an shafa wa akwatin wuta garin itacen sandal mai ƙanshi, an fasa kwakwa. Wadda ta tsara aikin wata yarinya ce mai tabarau daga birnin Koyambatur, sunanta Malar, ta karanci sinadarai a jami'a. A cikin tankin an jera farantan ƙarfe a tsaye, kusa da kusa, wayoyi masu kauri sun fito daga kawunansu.

Aka sako ruwan rini, ja wur, har ya rufe farantan. Akka ta leƙa.

"'Yar nan, ina maganin da za ku zuba?"

"Babu magani, Periyamma," ta ce, wato babbar uwa. "Ƙarfen shi ne maganin. In an kunna wuta, tana cin farantan a hankali. Abin da ya narke daga jikinsu shi ke kama launin ya dunƙule shi. Wani ya taso sama da kumfa a kwashe, wani ya kwanta ƙasa ya zama laka."

"Wuta a cikin ruwa? Mu an ce mana kada mu taɓa waya da jiƙaƙƙen hannu."

"Har yanzu kada ki taɓa."

Mutane suka yi dariya. Duraisami ya danna makunni. Da farko ba abin da ya faru sai wani ɗan kuka daga akwatin. Can sai ƙananan kumfa suka fara hawowa ta jikin farantan. Ruwan ya turɓune, ya yi kore-kore, ya tsinke kamar madarar da aka matsa wa lemon tsami. Ƙazamin kumfa ya taru a sama. Muna tsaye a rana har gumi ya jiƙa mu, babu wanda ya tafi. Da aka buɗe famfon da ke ɗaya ƙarshen, ruwa ya fito garau kamar na rijiya.

Ban ga laifin wanda ya buɗe baki ba. Ni ma na buɗe. Aiki ne na hankali, kuma wanda ya fara gano shi ya cancanci yabo.

Sengodan ya zo da gorarsa. Ya tsoma sabon ƙyalle a ƙarƙashin famfon, ya riƙe, ya murza, ya ɗaga sama. Fari tas.

"Shi ke nan, an kore ni daga aiki," ya ce. "Gaundacci, yanzu wa za ki riƙa zagi da safe?"

"Ba zan rasa ba."

Malar ta ɗaga murya a cikin hayaniya. "Amma ku sani wannan rabin aikin ne. Saura..."

"Saura abinci!" Duraisami ya ce, ya yafa mata mayafin girmamawa a kafaɗa, aka tafa. Ya juya wajen Akka ya haɗa hannuwa. "Periyamma, ke za ki fara zama. Ke kika jawo duk wannan."

An shimfiɗa ganyen ayaba, an zuba shinkafa da miya kala-kala. Duk mun ji yarinyar ta ce rabin aiki. Mutum nawa ne a wurin, maza masu furfura, masu gona, har da malamin makaranta. Babu wanda ya ajiye loma ya tambayi ɗaya rabin.

A shekarar Akka ta buɗe tarin irinta ta shuka shi gaba ɗaya. A da takan rage wani kaso ta shuka a ɗan filin bayan gida da take ba wa ruwan rijiya, don tsoron rasa layi. Wannan karon ta ce babu sauran rasa layi, bayan gida ta sa albasa.

Ƙyalle bai sake rinewa ba. Ƙofa ta zauna a buɗe, kowa ya sha layinsa cikakke, har aka daina faɗa a bakin kanal. Duraisami kuwa, da ya ga babu mai ƙorafi, ya ƙara karɓar aiki. Motar gishiri ta koma zuwa sau biyu a mako. Mukan matsa mata ta wuce, yara su bi ta a guje.

Kurkum ya fito da kyau. Sai ruwan sama na ƙarshen shekara ya ƙi zuwa, kanal ya ja baya, ruwan marina ya zama shi ne mai yawa a cikinsa. Bakin ganye ya fara ƙonewa, kamar an bi shi da ashana. Na Akka ya fi na kowa, don ita ke fara sha.

Mai shagon taki ya ce cuta ce, ya sayar da magani. Na gyara abin feshi a watan nan fiye da na duk shekara. Aka fesa, ganye ya ci gaba da ƙonewa. Wani ya ce ƙishi ne, a ƙara ruwa. Akka ta roƙi layin maƙwabcinta ta ƙara. Wani fari-fari ya fara fitowa a saman kunyoyi, aka ce ai taki ne ya taso.

"Sengodan, anya ba ruwan nan ba ne?" ta tambaye shi wata rana a gabana.

Ransa ya ɓaci. Ya fizge gorar ya miƙa mata har kusa da hanci.

"Duba da idonki. Tun kina amarya nake tsaron ƙofar nan. Na taɓa sakar miki ruwa mai launi? Ko sau ɗaya?"

"Ban ce ka taɓa ba."

"To ki nemi mai bakin da ya kalli gonarki. Ai kin shiga jarida."

Ta yarda da wannan. Ta kafa tukunya mai ɗigon fari a kan sanda a tsakiyar gona don kau da mugun ido. Ga mace da ta ja mata har gaban hukuma, ta koma tana yaƙi da idon maƙwabta.

Akuya ce ta warware zancen, kuma ina faɗin haka da kunya. Sengodan bai daina sauya ƙyalle ba in ya yi gansakuka, yana jefa tsohon a kan shinge kamar da. Wata rana da hantsi ina ɗaure wa Akka bututun abin feshi, sai ta ce, "Tambi, dubi waccan." Akuyar wani ce ta ɗage ƙafafun gaba a kan shingen, ta bar ɗanyen ganye a gefenta, tana lasar busasshen ƙyalle. Wata ta zo ta ture ta, suka fara kokawa a kansa.

Akka ta kore su ta ciro ƙyallen. Ya sandare kamar an sa masa sitaci. Ta juya shi a hannu, ta daɗe tana kallo. Sannan ta kai shi bakinta.

Ta miƙo mini. Na lasa. Gishiri ne, mai ɗaci-ɗaci, har ya kama maƙogwaro.

Ta tafi bakin kanal, ta durƙusa, ta ɗebi ruwa a tafin hannu ta kurɓa, abin da ban taɓa ganin wani babba ya yi ba tun ina yaro. Ta tofar.

"Sengodan! Sauke ƙofar nan!"

"Ƙyalle fari ne, Gaundacci."

"Sauke, ko in sauke da kanka a ƙarƙashi!"

Ya sauke. Shi ma ya ɗebi ruwan ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya ce shi bai ji komai ba. Taba da farar ƙasar da yake haɗawa da ganyen sun riga sun ƙone masa harshe.

A da, launi da gishiri tare suke zuwa. In mun rufe wa launi ƙofa, mun rufe wa gishiri ba tare da mun sani ba. Duk shekarun nan muna zagin launin, ashe shi ke yi mana gadi.

Bikin Pongal, bikinmu na girbi, ya matso. Rabin gidajen ƙauyen daga gonar Akka suke sayen ɗanyen kurkum mai ganye da ake ɗaura wa tukunyar biki a wuya, ko da yake takan zaɓi wanda babu uwar saiwa a jiki, don kada wani ya shuka. Ta shiga gona da fartanya, ni ina riƙe da kwando. Ta haƙa na farko. Yatsun sun ƙanƙance, sun yi baƙi, saiwoyin sun ruɓe. Ta haƙa na biyu. Ta tsallaka can ƙarshen gona ta haƙa. Ta karya ɗaya, cikinsa ruwan toka, yana warin rami.

Ta cika kwandon, ta ɗora ƙyallen a kai, ta ɗauka. Na bi ta.

Mun sami Duraisami a bayan marina. Malar ma tana nan, ta zo duba ma'aikata suna cire farantan da wuta ta cinye suna sa sababbi. Tsofaffin sun yi siriri, duk huda-huda. A gefe an tara buhunan lakar da ake kwashewa daga tankin, sun kai tsayin mutum.

Akka ta juye kwandon a gaban takalmansa. Ta miƙa masa ƙyallen.

"Lasa."

"Periyamma, mene ne haka a gaban ma'aikata?"

"Lasa, na ce. Fari ne tas. Me kake tsoro?"

Bai karɓa ba. Ya kalli kurkum ɗin a ƙasa, ya kalle ni, ya gyara agogonsa.

"Me kuka nema?" ya ce. "Launi kuka ce. Kun ƙulla igiyar tsumma kun kai ni gaban hukuma, kun sa an buga sunan ubana a jarida. Na cire launi. A cikinku wa ya ambaci gishiri?"

"Ni na ambata," Malar ta ce. Fuskarta ta canja tun da ta ga kwandon. "Tun kafin a haƙa ramin tankin na faɗa maka. Wutar ba ta cire gishiri. Gishirin ma shi ke taimaka mata ta ratsa ruwan. Na ce sai an ƙara injin tacewa a bayansa, kuma kada a saki ruwan nan a gona. Ka ce bayan bikin Dipavali."

"Na ce bayan Dipavali. Ba a daina yin Dipavali ba tukuna."

Wani ma'aikaci ya fara dariya, ya haɗiye.

Akka ta juya wajen yarinyar. "Ke kuma 'yar nan, kin san inda bututun nan ya nufa?"

"An ce mini ana tara ruwan a wani tafki a baya, Periyamma, kafin injin ya iso."

"An ce miki. Ƙafarki ciwo take yi?"

Malar ta sunkuyar da kai. Daga inda take tsaye zuwa bakin bututun, ko takalmi ba sai ta sauya ba. Ta yi ta zuwa marinar nan tana auna hasken ruwa a kwalba, ba ta taɓa zagayawa bayan katanga ba. Ban ce muguwa ce ba. Na ce ta ɗauka aikinta ya ƙare a bakin famfo.

"To na ji," Akka ta ce wa Duraisami. "Ban da ƙarfin sa ka sayi inji. Abu ɗaya nake so. Kashe wutar nan."

"In kashe?"

"Ka kashe. Ka mayar mana da launinmu. Ka sako shi ja, ka sako shi baƙi, yadda ubanka yake yi, mu gani mu rufe ƙofa."

Ma'aikatan suka tsaya da aiki. Duraisami ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Kin ji kanki kuwa? Ranar da na saki ruwa mai launi, ranar za a rufe ni. Ke kika jawo dokar, Periyamma. Yanzu ko ina so ba zan iya ba."

"To ka aiko a faɗa mana in za ka saki."

"Kullum nake saki. In aiko kullum?"

Sai ya sassauta murya, irin sassautawar da ta fi tsawa zafi.

"Mu dangi ne, ba na son ki wulaƙanta. Gonar nan sai ta huta kafin ta sake yin kurkum. Ki ba ni aronta in riƙa jibge buhunan nan, wuri ya yi mini kaɗan. Ba zan cuce ki ba. Iri kuwa yana nan cike da kasuwar Erode."

"Wannan irin babu shi a Erode."

"Na sani. Uwata ta roƙe ki shi har ta mutu. Gonarta tana sama da marina, ruwan rijiya take sha, har yau ƙanena na noma ta. Da kin ba ta ko cikin tafin hannu, da yau sai ki je ki karɓo."

Na so in mare shi. Abin da ya hana ni, kuma ya fi ci mini rai, shi ne gaskiya ya faɗa. Akka ta durƙusa ta tattara ruɓaɓɓen kurkum ɗinta ɗaya-ɗaya ta mayar kwando. Ba ta bar masa ko guntu ba. Malar ta sunkuya za ta taya ta, ta ture hannunta.

A Pongal ɗin nan, kurkum ɗin kasuwa aka ɗaura wa tukwanen ƙauyenmu. Akka ba ta ɗora tukunya ba.

Ta haƙe gonar duka, ta zauna a inuwa tana tsince iyayen saiwar da take ganin suna da sauran rai. Ta wanke su da ruwan rijiya, ta shanya, ta jibge a gindin darbejiya. Tarin da a da yakan kai ƙirjina, bana bai kai gwiwa ba. Ta rufe da ganye, ta yaɓe da laka, ta hana kowa zuwa kusa.

Ƙauye ya yi taro, aka yi ta ihu, aka ce za a sake zuwa hukuma. Amma babu igiyar da za a ɗauka a kafaɗa. Farin ƙyalle ba ya fitowa a hoto. Wasu sun je da kwalaben ruwa, aka karɓa aka ce za a auna. Malar ta kawo wa Sengodan wani ɗan abin auna gishiri mai kama da alƙalami, ta nuna masa yadda ake karantawa. Bai jima ba abin ya faɗa kanal. Daga nan aka yanke cewa mai rabon ruwa ya riƙa ɗanɗanawa kafin ya ɗaga ƙofa, kuma dole ya bar taba don harshensa ya dawo. Yanzu in ka bi ta ƙofar ruwa za ka ga tsohon a durƙushe yana kurɓar ruwan marina yana tofarwa, leɓɓansa sun tsattsage. Ba ya ba'a kamar da. Babu mai gonar da ya ce a riƙa karɓa-karɓa da shi.

Tayin da Akka ta ƙi, maƙwabcinta ya karɓa. Buhunan laka suka fara taruwa a gonarsa, kunya ɗaya ce tsakaninsu da tata.

Da lokacin shuka ya zo aka yi ruwan farko, mai ƙarfi. Washegari da safe ta aiko a kira ni. Na same ta a gindin darbejiya da fartanya.

"Kai ka fasa, Tambi. Hannuna ba ya so."

Na fasa laka, na janye ganye. In iri yana da rai, a wannan lokacin za ka ga ya fito da fararen tsiro kamar haƙoran jariri. Na ɗauki na farko, ba nauyi. Na matsa, ya ruguje a hannuna, ciki fanko sai baƙin gari. Akka ta durƙusa ta fara bi ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Tana ɗauka, ta matsa, ta ajiye a hagu. Ta ware dama don masu rai. Har ta kai ƙasan tarin ba ta ajiye komai a dama ba.

Ta goge hannu a zani. Ta shinshina tafinta, ta sake shinshinawa.

Daga inda muke ana hango gonar. Ruwan jiya ya jiƙa buhunan maƙwabci, wasu sun fashe, wani jan ruwa mai duhu ya tsallako kunya ya kwanta a fangalinta na farko.

"Ka gani?" ta ce. "Ya dawo. Yanzu da babu abin da zai tsare."

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa bishiyar.

"Gobe ka je Erode ka sayo mini iri."

"Wanne, Akka?"

"Wanda kowa ke shukawa. A bayan gida zan sa."